Gonar Inna Jidda Mai Shan Ruwa Sau Biyar

"Ina wuni, Inna? Mun iske ku lahi..."

Iyakar abin da Malam Ɗantani ya samu ya faɗa ke nan. Bawan Allah ya taso tun daga Maradun don ya gai da surukarsa, ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya durƙusa, kai a sunkuye. Ita kuwa surukar, Inna Jidda, sai ta ƙwalla ƙara, ta tattare zane har saman gwiwa, ta fara ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida kamar mai tsallake kwata.

"Ruwa! Wayyo jama'a, dam ya ɓalle! Ku kwance awaki!"

Ko ɗigon ruwa babu a gidan. Ƙasa a bushe, kaji na ta tono abinsu. Abin da ke akwai shi ne wani baƙin akwati da jikanta Muttaka ya ɗaura mata a fuska, mai maɗauri ta ƙeya, ya rufe mata ido ruf. Gwiwar nan da kullum take mana kuka da ita, ranar ta warke, don da yunƙuri ɗaya ta haye turmin da ke kife.

Malam Ɗantani ya rasa inda zai sa idonsa. Ya juya ya fuskanci katanga, ya ci gaba da gaisuwa. Da kunnena na ji yana tambayar katanga ina gajiya.

Ni ce maƙwabciyarsu Dije, katanga ɗaya ta raba mu a nan Talatar Mafara. Aron rariya ya shigo da ni. Ina da rariya har biyu a ɗaki, amma na ji tsayuwar babur ɗin Muttaka, kuma duk ranar da zai haɗu da kakarsa ba na yarda a ba ni labari.

Muttaka ya zare mata akwatin yana dariya har da riƙe ciki. Inna ta buɗe ido ta ga rana tsaka, ta ga kaji, ta gan ni, ta ga gwiwoyinta a waje, sannan ta ga bayan rigar mijin ɗiyarta. Ta saki zane. Ta sauko daga turmin a hankali, kamar dama hawa ta yi don ta duba shanya.

"Malam, sannu da zuwa," in ji ta, murya can ƙasa. "A zauna zaure a sha ruwa."

"Na randa ko na dam?" in ji Muttaka.

Malam Ɗantani bai jira amsa ba, ya koma zaure da baya da baya.

"Kai dai an yi mijin banza," Inna ta ce tana gyara ɗaurin zane. "Wata guda ban ga ƙeyarka ba, ranar da za ka zo sai ka zo min da abin tonon asiri."

"Ni na ce ki nuna wa baƙi ƙwauri? Amarya, shekara saba'in da biyar kina ɓoyon ƙafahun ga, ashe babu komi ciki sai kara biyu."

"Karan ga su sunka ɗauki ubanka goye har kasuwar Bakura."

"Shi ya sa ya fito gajere, bai yarda da su ba, ya ƙi yin nauyi."

"Kai kuma duk nauyin ya taru ga kai. Dibi kai kamar tulu. Da ban gan ka ba na ce ko an sace min kai, har na dama kunu na yi sadaka don godiya."

"Wa zai sace ni ya bar ki? Ai ke anka fi nema, masu tara kayan tarihi sun daɗe suna cigiya."

Bari in yi muku bayani yadda na fahimta, don ni a aji huɗu na tsaya. Muttaka yana aiki ne a Bakura tare da wasu masu auna ruwan gonakin da dam ɗin Bakolori ke shayarwa. Kowace gona sai su kafa mata sandar ƙarfe. Sandar nan ita ke ɗanɗana damshin ƙasa, ta aika da saƙo kamar waya. Da can sai a tara saƙonnin a takarda, lamba bisa lamba, babu manomin da ke karantawa. Shi ne su Muttaka suka mai da lambobin hoto. In ka ɗaura akwatin nan a fuska sai ka gan ka a sama kamar shaho, gonaki shimfiɗe a ƙarƙashinka, kowace da ginshiƙi a tsaye bisa kanta. Wadda ta ƙoshi da ruwa nata shuɗi ne dogo, mai jin ƙishirwa nata ja ne guntu. To shi ja'irin bai bar Inna a sama ba, ya jefa ta tsakiyar ginshiƙin gonarta, ta duba gabas shuɗi, yamma shuɗi, sama shuɗi. Ko ni ce sai na nemi turmi.

Muttaka ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna, dariyar ta ragu.

"Tsohuwa, ba wasa ya kawo ni ba. Jiya na kai abin ga gaban kwamitin ruwa na sashenku. Jafaru shugabansu ya ɗaura, ya ga gonakin kowa ginshiƙi iya gwiwa, guda ɗaya ta tashi har tana neman taɓa girgije. Ya ce ta wa ce wagga. Na duba lamba. Goma sha bakwai."

"Tawa."

"Taki. Sau biyar a yini take shan ruwa, kullum, sati uku ke nan. Alhali rabonki Litinin da Jumu'a ne. Mutanen ƙarshen kanal da ruwa bai kai musu sun tashi tsaye. Yau bayan la'asar za su zauna, za su sa ma ƙofar ruwanki kwaɗo sati biyu."

Nan na ajiye maganar rariya. Kowa a unguwar nan ya san albasar Inna ta fara yin kai. Albasa a wannan gaɓar in ta yi sati biyu babu ruwa, sai dai a kira awaki. Kuma da albasar nan take ci, da ita take sutura, ba ta jiran hannun kowa.

"Sau biyar?" in ji Inna. "Ni da nike zuwa gona a keke, sai an riƙa ni in hau, an riƙa ni in sauka?"

"Shi na zo in ji. Wa kinka ɗauka aiki? Ko tashi kike kamar jemage?"

"In da ina tashi da tuni na zo Bakura na ga ramin da kake kwana. Kai, tsaya. Ka taɓa ganin albasar da ta sha ruwa sau biyar a yini ta rayu? Ai kwana huɗu ta ruɓe, warinta ya kori mutanen Garbadu daga gidajensu. Boko nawa kunka yi ba ku san wanga ba?"

"Na gaya ma Jafaru haka. Ya ce to ko na'urata ko kakata, ɗaya na ƙarya, in zaɓa."

"Wa ka zaɓa?"

"Na'ura dai ba ta taɓa ce min gyaɗa ta ƙare ba alhali tana ƙarƙashin gado."

"Na'ura ta taɓa wanke ma kashi?"

"Za a ƙera."

"To ka jira ta. Nuna min ƙaryar taku in gani da idona, amma ba na ƙara sa takunkumin jakin ga."

Sai ya ce akwai wata hanya. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, ya fiddo waya ya saita ta bisa tabarmar. Muka kai kai ni da Inna. Ikon Allah! A cikin wayar, ga tabarmar nan tamu ta kaba da ƙonuwar garwashi a gefe, amma bisa kanta gonakin Bakolori sun zauna daram, 'yan ƙanana, da kanal ɗinsu kamar zare, ginshiƙai a jere kamar an kafa kara. Inna ta leƙa bayan wayar ta ga tabarma wayam. Ta dawo ta duba gaba, ga gonaki. Ta ƙara leƙa baya. Ta kai hannu ta shafa tabarmar, hannun ya fito cikin wayar ya rufe rabin sashe.

"Dije, kin ga abin da nike gani?"

"Na gani, Inna. Ga ma taki can, ta fi kowa tsawo. Yau dai gidanku an samu dogo."

"Ke kuma ki karɓi rariyarki ki tahi."

Muna cikin haka wata kaza ta hau tabarmar. A cikin waya sai ta zama wata ƙatuwar dabba tana taka gonakin mutane, ƙafa ɗaya a kanal, baki a gona ta goma sha bakwai.

"Kore ta! Kore ta, za ta cinye min albasa!" Inna ta wurga mata takalmi. Takalmin ya wuce kaza, ya shige zaure. Muka ji Malam Ɗantani ya yi gyaran murya.

"Sau biyu ke nan yau," in ji Muttaka. "In kinka ƙara na uku, zai mai da miki ɗiyarki."

Inna ta tsura wa ginshiƙin nan shuɗi ido.

"Tun kakanka na da rai nike noman fangalan ga," ta ce. "Ranar da ba tawa ba ban taɓa taɓa ƙofar ruwa ba. Shekarar da kanal ya fashe, da tulu na yi ban ruwa ban roƙi ranar kowa ba. Yau Jafaru, da na san ranar sunanshi, shi zai tara maza ya kira ni ɓarauniya?"

"Ban ce na yarda ba, Inna."

"Ka dai kai musu."

Muttaka ya sosa ƙeya. Allah ya taimake mu ladan ya kira azahar. Inna ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki buta ta zagaya bayan ɗakinta inda take alwala.

Muttaka ya ce bari ya ƙara dubawa sau ɗaya kafin ya bi Malam Ɗantani masallaci. Ya ɗaura akwatin a fuska, ya tsaya tsakar gida yana juya kai kamar rago ya ji ƙamshin dusa. Can sai ya daka tsalle.

"Yana tashi! Ga shi nan yana tashi! Dije, yanzu-yanzun ga wani na ba gonar ruwa!" Ya ɗaga murya. "Amarya, kin kuɓuta! Kina gida ana sata, ashe ba ke ba ce! Bari in kira Jafaru shi tura mutane su kama shi da hannu cikin ruwa!"

Na ruga bayan ɗaki in kai wa Inna albishir. Na same ta zaune bisa ɗan dutsenta tana gama wanke ƙafa, ta jingina kafaɗa da wata sandar ƙarfe da ke kafe a ƙasa, ruwan buta na gangarewa yana taruwa a gindin sandar. Sandar nan na sha ganinta. Har kwalli na taɓa gyarawa a ɗan gilashin da ke bisa kanta. Ban taɓa tambaya ba, don gidan Inna in ka tambayi asalin abu ɗaya sai ka kwana ana ba ka tarihi.

Na dawo da sauri.

"Muttaka, ajiye wayar ga tukuna. Sandar taku, tana da baƙin gilashi bisa kai kamar faranti?"

"I, na sola, shi ke ba ta wuta."

"Da lamba an rubuta da jan fenti?"

Ya ɗage akwatin zuwa goshi. "Ina kinka gan ta?"

"Zo ka kama ɓarawonka. Ya gama ƙafar dama, yana ta hagu."

Ya zagayo. Ya tsaya. Inna ta kama sandar da hannu biyu ta miƙe tsaye abinta, ta zazzage sauran ruwan butar a gindinta. Ɗaya da bakwai, jan fenti, ɓaro-ɓaro.

"Inna. Ina kinka samo wanga?"

"Gonata ta tsiro."

"Ni na dasa ta!"

"To mi ya yi zafi? Miji ya dasa, mata ta girbe."

"Na gaya miki! Nan tsakar gidan ga na zauna na yi miki bayani, na ce ma'aunin damshi ne, kada kowa ya taɓa!"

"Ka yi ta zuba turanci ina tsinkar zogale. Ni dai na ji ka ce ka aje min wani abu a gona. Na tahi na iske sanda mai ƙwari, daidai tsawona, har da madubi. Na ce kai, yau dai mijin banza ya tuna ina da ciwon gwiwa. Har albarka na sa ma. Ashe a banza."

"Madubi? Faifan sola ne!"

"Kullum sai na goge shi da gefen zane. Ka taɓa jin ta yi kukan rashin wuta?"

"Shi ya sa ba ta taɓa fashin saƙo ba," in ji shi, ya dafe kai. "Duk Bakolori babu sandar da anka kula da ita kamar wagga."

"Ka gani. Ku biya ni ladan reno."

Malam Ɗantani ya ƙara gyaran murya daga zaure, wannan karon na lokacin salla ne. Maza suka tafi masallaci, ni ma na yi tawa a ɗakin Inna, don in na koma gida wani abu zai wuce ni.

Da suka dawo Muttaka ya sake saita wayar bisa tabarma. Wannan karon ya taɓa gona ta goma sha bakwai, ginshiƙin nan guda ya rabu ya zama layi-layi, kowace rana da nata 'ya'ya biyar a jere, da lokaci rubuce ƙarƙashin kowane.

"Biyar da rabi na safe," yana karantawa. "Biyu saura. Huɗu da kwata. Bakwai saura. Takwas. Wayyo ni Muttaka. Jimillar yini kawai na tsaya kallo, ban buɗe lokutan ba. Sati uku ina auna alwalar kakata ina kai ma manya rahoto."

"Sun yaba?"

"Sun ce ba su taɓa ganin gona mai tsari irin wagga ba."

"To ka gaya musu mai gonar ta fi gonar."

"Shi ke nan, magana ta ƙare. In na kai sandar da hoton ga gaban kwamiti, kowa ya ga lokutan salla ne, babu mai sa miki kwaɗo. Sai dai fa kowa zai gani. Jafaru, liman, mutanen ƙarshen kanal, kowa zai ɗaura akwati ya ƙirga."

"Su ƙirga. Abin kunya na yi?"

Yana jan ranakun da yatsa, Litinin ta wuce, Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Sai ya tsaya. Na ga bakinsa ya fara buɗewa a hankali, irin na wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema.

"Dije, zo ki taya ni ƙirga. Alhamis ta makon jiya. Nawa kinka gani?"

Na ƙirga. Na sake ƙirgawa. "Huɗu."

"Wanne babu?"

"Na farko."

"La ilaha! Amarya! Ina asubar Alhamis?"

"Na'urarka ta yi gyangyaɗi."

"Na'ura ba ta gyangyaɗi. Ke da kike buga min ƙofa da muciya ina yaro, kina cewa mai barcin asuba da Shaiɗan yake raba matashi? Ashe ke ma kina da ranar hutu!"

"Cika shi."

"In cika mi?"

"Gurbin. Ba kai ke zana su ba? Ɗauko ɗaya daga Laraba ka dasa nan."

"Ba a haka, tsohuwa. Abin da sanda ta aiko shi nike nunawa. In na ƙara ɗaya yau don ke, gobe wa zai yarda da sauran? Da hoton ga za a wanke ki, in anka gane na taɓa shi, kwaɗo ya hau."

"To kada ka kai."

"In ban kai ba albasa ta mutu."

Inna ta dube ni, na dubi rariyar da ban karɓa ba. Ni dai a raina na ce yau ga tsohuwa tsakanin albasa da liman.

"Inna," na ce, "makara ai ba a kanki anka fara ba. Ko ni..."

"Ke mun sani, ba sai an kafa miki sanda ba."

Ta gyara zama, ta kawar da kai wajen kaji. Da ta yi magana ba ta dubi kowa ba.

"Wani sakarai ne ya kira ni ranar Laraba da magariba. Wai gobe da sassafe za shi Gusau, manyansu za su duba akwatin banzan ga, in ya yi musu su riƙe shi aiki, in bai yi ba su sallame shi. Ga hanyar ga yadda take. Na yi lisha, na ce bari in ɗan zauna bisa tabarma in gaya ma Mai Sama. Ban tashi ba sai da ladan ya kira. Da alwalar lisha na yi asuba. Sandarka ta san wanga?"

Muttaka ya kife wayar bisa cinya, ya sunkuyar da wannan kan nasa da ake zagi. Daga zaure muka ji Malam Ɗantani ya ce, "Allahu Akbar," a hankali.

"Ba ta sani ba, Inna," in ji Muttaka. "Ba ta iya auna wanga."

"To ka gani. Kai da ita duk jirgi ɗaya."

Ya share ido da hannun riga, wai ƙaiƙayi ya faɗa masa. Ya kira Jafaru a waya, ya yi masa bayani tun daga gwiwa har madubi. Ba sai an sa a lasifika ba, har inda nake ina jin dariyar Jafaru, yana tari yana cewa a ba Inna haƙuri. Ya ce babu maganar kwaɗo, ruwanta na Jumu'a na nan, amma don Allah a kawo sandar da akwatin bayan la'asar, mutanen ƙarshen kanal su gani da idonsu, a kuma nemi inda nasu ruwan ke maƙalewa.

"Kin ji," in ji Muttaka. "Albasa ta tsira. Maganar Alhamis kuwa ki bar min, ni zan tashi gaban kowa in hwaɗi dalili."

"Kada ka kuskura."

"Don mi?"

"A ji a gari na kwana zaune saboda kai? A ce son ka nike? Ka ce musu makara na yi."

"Inna, liman na wurin."

"Liman bai taɓa makara ba? Ka ce makara na yi, ka ƙara da cewa na ci tuwo da yawa."

Muttaka ya fashe da dariya har ya kwanta bisa gonakin Bakolori. "Na sallama, amarya. Kin ci. Kahin magariba zan kai wa mai walda ƙarfe shi yi miki sanda mai mariƙi, in sawo madubi na gaske in ɗaura bisa. Wanda zai nuna miki fuskarki sosai, ki san abin da nike haƙuri da shi."

"Ka sawo babba, wanda kanka zai shiga."

Ya zagaya bayan ɗaki ya yi ta kokawa da sandar, don Inna ta kafa ta kafawar gaske, har da duwatsu ta danna. Malam Ɗantani ya ga kamar ƙura ta lafa, ya leƙo, ya duba sama da ƙasa ya tabbatar babu takalmi a hanya, ya durƙusa daga nesa.

"Ina wuni, Inna? Mun iske ku lahiya?"

"Lahiya lau, Malam. Yaya mutanen Maradun? Yaya shanu? A yi haƙuri da abin da anka gani, gidan da ke da mahaukaci sai a hankali."

Muttaka ya fito saɓe da sandar a kafaɗa, gindinta na ɗigar laka, akwati rataye a wuya.

"Zan mai da ta gona, tsohuwa. In kinka ƙara tuge ta, zan kafa miki wata gindin tukunyar miya, garin ga kowa ya ga sau nawa kike komawa ɗanɗano."

"Tunda kuna da su da yawa," in ji Inna, "samo guda ka kafa ƙofar ɗakinka can Bakura, inda kake alwala. Kwana bakwai kawai. In kwamiti sunka ɗaura akwati sunka ga ginshiƙinka na asuba, ba ƙofar ruwa za su buɗe ma ba, dam ɗin gaba ɗaya za su sakar ma, don tunda anka gina Bakolori ba a taɓa ganin fari irin naka ba."